Cinikin atamfa ta waya: wuraren da ake tafka asara

Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira, wanda Babban Bankin Najeriya ya sanar a Oktoban 2022, shi ya tura Kantin Kwari, babbar kasuwar atamfa ta Kano, cikin intanet da ƙarfin tsiya. Zuwa Fabrairun 2023, har mai tura baro sai da ya nemi asusun karɓar taransfa. Yau mai shago zai ɗora hoton atamfa a WhatsApp da hantsi, wata a Maiduguri ta zaɓi turmi biyar, kafin la'asar kaya sun isa tasha.

Babbar matsalar ita ce alat na bogi. Saƙon SMS da hoton rasit duk ana iya ƙirƙirarsu, don haka kada kaya su bar shago sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna, sunan mai turowa kuma ya dace da wanda kuka yi ciniki da shi. Wani lokaci mai saye gaskiya yake faɗa: an cire masa, ba su iso maka ba. Taransfa tsakanin bankuna ta hanyar NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya wajen tura kuɗi, take bi, kuma kowace tana da doguwar lamba da ake kira Session ID. Da ita zai je bankinsa ya bi sawu. Kai dai ka riƙe kayanka, ko da amininka ne.

Sai launi. Hasken ƙwan shago kan sauya launin zane a hoto, rigima ta tashi bayan kaya sun isa. A ɗauki hoton a waje, cikin inuwa, a haɗa da gajeren bidiyo mai nuna tambarin kamfani.

A tasha, a rubuta suna da lambar mai karɓa a jikin buhu, a ɗauki lambar mota da ta direba, a kuma tsayar da wanda zai biya kuɗin mota tun kafin a ɗaure kaya.

Dogaro da layin waya ɗaya da banki ɗaya ganganci ne a ganina. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, ciki har da MainOne da WACS, suka katse a gaɓar Kodebuwa, manhajojin bankuna da dama suka tsaya cak. Ka ajiye layin kamfani na biyu da asusu na biyu, ka haddace lambar USSD ta bankinka, wato wadda ake dannawa da * da # a tura kuɗi, tunda ita ba ta buƙatar data.