Layi uku a takardar gwajin jinina

Sati uku da tarewata ƙuraje suka fito wa maigida a gabansa, ƙanana masu ruwa, suna masa zugi kamar an barbaɗa barkono. Aurena na biyu ne, shi ma ya taɓa yin aure. Likita ya dangwali ruwan ƙurjin da auduga ya aika ɗakin gwaji, sakamako ya dawo cewa cutar herpes ce, nau'i na biyu. Kafin ɗaurin aure mun yi gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta da na sikila, komai lafiya lau, amma ita wannan ba ta cikin abubuwan da aka duba.

Ban yi shawara da kowa ba. Bayan kwana goma na zura hijabi na tafi wani ɗakin gwaji a unguwar da ba a san ni ba, na ce a ɗibi jinina. Takardar da aka ba ni layi uku ce. Na farko, IgM, ya nuna akwai. Na biyu, IgG na HSV-1, wato herpes nau'i na ɗaya, shi ma akwai, da lamba 18.2 a gefe. Na uku, IgG na HSV-2, wato nau'i na biyu, babu, lambarsa 0.3. Saurayin da ya miƙo min ita ya ɗora yatsa a layin farko ya ce, "Hajiya, sai haƙuri, wannan sabuwar kamuwa ce." A cikin Adaidaita Sahu na yi kukana, na rufe fuska da gefen hijabi har muka iso.

Gidan yayata na sauka, don ita ta fi shekara ashirin tana aikin ungozoma. Ta shimfiɗa takardar a kan cinyarta, ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ke, share hawayen nan. Wa ya ce miki a yi IgM?" Na ce, "Yaya, ni dai cewa na yi a duba." Washegari ta raka ni wurin wata likitar mata, kuma abin da na ji a ɗakin nan shi ya sa nake wannan rubutu.

Gwajin jini ba ƙwayar cutar yake gani ba. Ita ƙwayar tana laɓewa ne a jijiyoyin jiki. Abin da yake gani shi ne garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙarta, wato IgM da IgG ɗin nan, sawun giwa ne ba giwar ba. IgM ɗin da ya sa ni kuka ba ya bambance nau'i na ɗaya da na biyu, yana iya tashi ga wanda ya shekara goma da cutar, kuma yana iya nuna akwai alhali babu. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kada a yi amfani da shi wajen gano herpes. Har yau abin yana min ciwo cewa ana karɓar kuɗin mutane a kan gwajin da ba ya amsa tambayarsu, sannan a ɗora musu fassarar da za ta iya kashe aure.

Layi na biyu kuwa, likitar ta tambaye ni ko ƙuraje sun taɓa feso min a leɓe bayan zazzaɓi. Yaya ce ta amsa, ta ce tun ina firamare. To wannan shi ne HSV-1 a mafi yawan mutane, ana ɗaukarsa tun yarinta, ta sumbar da manya ke yi wa yara da cuɗanyar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da shi, wato kashi 64 cikin ɗari. Nau'i na biyu, wanda ake ɗauka ta saduwa, mutum miliyan 520 ne tsakanin shekara 15 zuwa 49, kuma galibinsu ba su san suna da shi ba. Girman lambar 18.2 ba ya nufin tsananin ciwo, kuma jini ba ya faɗin ko a baki cutar take ko a gaba.

Na so in yi murna da layi na uku, likitar ta ce in dakata. Jiki yana ɗaukar makonni kafin ya haɗa IgG, wani har sati 12. Gwajin da aka yi da wuri zai iya cewa babu don kawai garkuwar ba ta fito ba tukuna. Amfaninsa ɗaya a wurina: ya nuna da wuya a ce ni na zo da ita gidan. Shi kuma maigida, jininsa ya riga ya nuna IgG na nau'i na biyu a ranar da ƙurajen suke jikinsa, alamar ta daɗe tare da shi. Yaushe ya ɗauka, daga wa, takarda ba ta da bakin faɗa. Mutum zai iya shekaru da ita ba ƙurji ko ɗaya. Na ga hankalinsa ya kwanta da ya ji haka, don ya kwana biyu yana kasa haɗa ido da ni.

Watanni ukun nan sun yi min tsawo. An ɗora maigida a kan maganin herpes mai suna valacyclovir kullum, muka koma amfani da kwaroron roba, kuma duk sanda ya ji ƙaiƙayi ko tsikari a wurin sai mu ƙaurace wa shimfiɗa. Likitar ta ja kunnena cewa in ƙurji ya fito min kada in tsaya jiran jini, in zo tun yana da ruwa a dangwala, don wannan ne gwajin da ya fi tabbaci.

Da sati 12 suka cika na sake, lambar HSV-2 ta dawo 1.4, an rubuta akwai. Gabana ya faɗi, amma wannan karon na san abin da zan tambaya. A irin gwajin da aka fi amfani da shi, ƙasa da 0.9 babu, sama da 1.1 akwai, sai dai lambar da ke tsakanin 1.1 da 3.0 tana yawan yin ƙarya, musamman ga mai HSV-1 irina. A Disambar 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wannan matsalar. Ƙa'ida ita ce a tabbatar da wani gwaji na daban. Wanda ya fi shahara, Western blot, a Jami'ar Washington da ke Siyatil ake yinsa, nesa da aljihuna. Likitar ta nemo min wani wurin da ke amfani da kayan gwaji na wani kamfani, aka sake bayan wata guda, ya nuna babu.

Yanzu muna neman haihuwa, kuma nan ne maganar ta fi nauyi. Haɗari mafi girma ga jariri shi ne uwa ta kamu a karon farko a watannin ƙarshe na ciki, lokacin da jikinta bai haɗa garkuwar da za ta miƙa masa ba. Mun riga mun yi magana da maigida cewa in Allah ya kawo rabo, watanni ukun ƙarshe za mu haƙura da juna. Takardun nan uku suna cikin jakata, Yaya ta ce ranar awon farko su zan fara ajiyewa a gaban malamar asibiti.