Katin CPR kafin a bar ni in taɓa majinyaci

Da na shiga kwas ɗin mataimakan nas a Bronx da ke birnin New York, wanda a nan Amurka ake kira CNA, na ɗauka da na biya kuɗin makaranta na sayi kayan aiki, shi ke nan. Sai ana saura sati biyu mu fara zuwa gidan kula da tsofaffi malamarmu ta ce duk wanda ba shi da katin CPR ba zai taka ƙofar wurin ba. CPR shi ne danna ƙirji da hura numfashi ga wanda zuciyarsa ta tsaya, katin kuma shaidar cewa ka koya.

Na yi ta tambaya ko doka ce. Dokar tarayya ta 1987 ta wajabta horo na aƙalla awa 75, 16 daga ciki na aiki da hannu a gaban nas, amma ba ta ce sai da wannan kati ba. Jihohi da makarantu da wuraren aiki ne kowa ke gindaya nasa sharaɗin.

A nan na yi gaggawa. Na samu wani shafi a intanet, na amsa tambayoyi a waya cikin dare ɗaya, na biya, aka turo mini takarda. Malama ta duba ta mayar mini. Ta ce katin BLS suke karɓa, wato na horon ceton rai na ma'aikatan lafiya, irin na American Heart Association ko Red Cross, wanda sai an ga hannunka a kan ƙirjin mutum-mutumin roba. Raina ya ɓaci ranar, don kuɗin da gumi na same su.

Da na je ajin BLS ɗin na durƙusa gaban robar nan ne na gane dalilinta. Na san a baki cewa danna 30 ne, hura numfashi 2, saurin kuma 100 zuwa 120 a minti. Amma ƙirjin sai ya nutse kamar santimita 5, kuma ka bar shi ya taso kafin ka sake dannawa. Ni kuwa ina lanƙwasa gwiwar hannu, robar ko ƙara ba ta yi. Mai koyarwar ya miƙar mini da hannuwa, ya ce in sa nauyin jikina duka. Kafin minti biyu zufa ta jiƙa mini ɗankwali. Shi ya sa ake karɓar juna duk bayan minti biyu. Na'urar AED ma, wadda ke bai wa zuciya bugun lantarki don ta daidaita, sai da na liƙa faifanta a ƙirjin robar da kaina, na ji tana ba da umarni, sannan tsoronta ya fita daga raina.

Ranar farko a gidan tsofaffin, nas ɗin da ke kula da mu ta buɗe fayil ɗin wata dattijuwa ta nuna mana haruffa uku, DNR. Ma'ana ita da kanta ta zaɓi kada a yi mata CPR idan zuciyarta ta tsaya. Abin ya yi mini nauyi ƙwarai, ni da na taso inda ba a barin mara lafiya sai an yi iya ƙoƙari. Tun daga ranar, kafin in shiga ɗakin kowa da safe, sai na fara duba wannan layin a fayil ɗinsa.