Taron iyaye da malamai na yau

Yau a makarantar su 'yata an yi ta cacar baki kan sabon tsarin gwamnati na danganta ƙarin girman malami da sakamakon jarrabawar ɗalibansa. Ni ma da farko ina goyon baya, har na ɗaga hannu. Sai malamarsu ta miƙe, ta buɗe littafin wani yaro. Shafin farko jagwalgwalo ne kawai, na ƙarshe kuwa jimla uku da ya rubuta da kansa. Ta ce, "Iyaye, yaron nan zai faɗi jarrabawar. A takarda, ni ce na gaza."

Wuri ya yi tsit. Na sauke hannuna a hankali. Har yanzu ina tunanin wane malami ne zai yarda a ba shi irin wannan yaron baɗi.