Abin da Aikin Fayil ɗin Majinyata Ya Koya Mini a Gombe

Majinyaci ɗaya kan zama mutum uku a cikin kwamfuta. Asibitin farko ya rubuta shi Muhammadu, na biyu Mamman, na uku ya taƙaita sunan, shekarunsa kuma kintace ne, domin dattawanmu da yawa ba su riƙe ranar haihuwa ba. Wannan ne babban darasin da na samu a sashen ajiye bayanan majinyata, tun da aka fara maganar asibitoci su riƙa musayar bayanai saboda bincike. Sayen na'ura abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wurin daidaita yadda kowa ke rubutu: suna, lambar NIN idan akwai, da lambar cuta bisa ICD, wato tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na bai wa kowace cuta lambarta.

Amfanin musayar bayanan kuwa a bayyane yake. A dubi asibitin garin Kaltungo a jihar Gombe, inda manoma da makiyaya ke zuwa daga Taraba, Adamawa da Bauchi neman maganin saran maciji, musamman da damina da lokacin girbi. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, wani lokaci har ya taɓa ƙoda, sai a tura mutum babban asibiti. Mai bincike da ke son sanin ko maganin dafin ya yi aiki yana buƙatar farkon labarin da ƙarshensa. Idan fayil ɗin nan bai haɗu da na can ba, rabin magana kawai ya ji, kuma da rabin magana ba a yanke shawarar irin maganin da gwamnati za ta saya. Haka abin yake ga zazzaɓin Lassa da ke addabar Bauchi duk rani.

Sai batun amana, wanda ya fi damuna. Matar da ta faɗa wa likita ciwonta, ba ta faɗa don maƙwabta su ji ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta riƙe sirrin majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Amma goge suna kaɗai ba ya isa. A ƙaramin ƙauye, da an ambaci shekaru, sana'a da watan da aka kwantar da mutum, kowa ya gane shi. Shi ya sa kafin bayani ya fita daga hannunmu muke neman amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, mu mayar da sunan ƙauye zuwa na ƙaramar hukuma, shekaru kuma mu haɗa su rukuni-rukuni.