Godiya Bayan Zagayen Kekuna Na Bana

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. An sallami ɗan autan ayarinmu, wanda ya faɗi da keke, daga asibiti jiya da yamma, hoton kai da na wuya duk sun fito lafiya, sai ƙujewa a kafaɗa da gwiwa. Har ya fara tambayar ina aka kai masa kekensa. Ni kuwa sai daren jiya na san na yi barci tun ranar da muka dawo.

Ba sai na maimaita yadda abin ya faru ba, yawancinku kun ji. Gangare ne, ga kwana, ga tsakuwa a zube, yaro ya damƙe birkin gaba da ƙarfi, taya ta zame, keke ya watsar da shi. Abin da har yanzu nake gani shi ne yadda na iske shi kwance, ido buɗe, ina kiran sunansa ba ya amsawa. Mu da yawa muka yi kansa za mu ɗaga shi. Sai Anti Nas ta daka mana tsawa, ta ce kada wanda ya taɓa shi. Ta durƙusa a kan tsakuwar nan, ta riƙe kansa da hannu biyu don kada wuyan ya motsa, tana yi masa magana a hankali har ya faɗi sunansa. Anti, na san ba ki son a ambace ki, amma yau kam sai kin yi haƙuri. Da mun ciccibe shi alhali akwai karaya a wuya, da yanzu wani zancen ake yi. Allah Ya saka miki da mafificin alheri, Ya raya miki zuri'a, Ya tsare ki kamar yadda kika tsare ɗan mutane.

Sai kuma Baban da ke aiki a gonarsa a bakin hanya. Bai san kowa a cikinmu ba. Ya ajiye fartanya, ya tuɓe rigarsa ta sama, ya ware ta da hannu biyu ya yi wa yaron inuwa, rana na dukan bayansa, har motar da ke bin bayan ayari ta iso. Na ga hannunsa na rawa saboda tsufa, na ce Baba kawo in karɓe ka, ya girgiza kai. Kafin mu gama sa yaron a mota ya koma cikin shukarsa, ko sunansa ba mu ji ba. Baba, Allah Ya sa ka a inuwar Al'arshinSa, Ya yi wa gonarka albarka, Ya ba ka masu jin ƙanka.

Direbanmu, da mai gyaran da ya wuni yana faci da ɗaura sarƙa ba tare da ya karɓi ko sisi ba, da matasan motar ruwa, Allah Ya biya ku. Ruwan gishiri da sukarin da kuka riƙa haɗawa, cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita 1, shi ya tayar da waɗanda zafi ya kayar.

Ba ƙorafi nake yi ba, amma waɗanda suka ɗauki alkawarin tsayawa a mararraba da tuta suka kashe waya, sun san kansu. Saboda su wasu suka ɓata hanya cikin tsakar rana. Haka wasu daga cikin dangin yaron da muka yi ta zuba ido a asibiti, ƙila uzuri ne ya riƙe su, Allah Ya sa haka ne.

Hular kwanonsa tana wurina, ta tsage gida biyu. Soson da ke ciki bugu ɗaya yake ɗauka, daga nan ya gama aiki ko da ba a ga tsaga a waje ba. Don haka duk wanda tasa ta bugi ƙasa a bana, ya nemi sabuwa tun yanzu, ba za mu rubuta sunan kowa da tsohuwa ba. Allah Ya kai mu baɗi da rai da lafiya, amin.