Akra: gunkin da aka sare wa kai da hirar wani tsoho a Nima

Ɗaurin auren ɗan ƙanen mahaifina ne ya kai ni Akra, garin da tsofaffin fatake ke kira Ankara. A mota na tafi, don kuɗin jirgi ya fi ƙarfin aljihuna. Daga Kano zuwa Legas, sai Seme, Kwatano, Lome, har bakin iyakar Aflawo inda na canja 'yan kuɗina zuwa sidi. Da la'asar muka haye kogin Volta a gadar Sogakope. Mutumin da ke gefena ya nuna arewa da haɓa, ya ce can sama madatsar Akosombo take, wadda Kwame Nkrumah, shugaban Gana na farko, ya buɗe a watan Janairun 1966 da rancen Bankin Duniya da Amurka da Ingila. Wata guda bayan bikin aka tuntsurar da shi.

A unguwar Nima na sauka. Da safe koko da ƙosai, da rana wake da shinkafa irin tasu mai ja, ko'ina ka juya Hausa ce ke tashi, sai dai da nata lanƙwasar harshe. Washegarin ɗaurin aure na shiga tirotiro, ƙaramar motar haya ta garin, na nufi kabarin Nkrumah a bakin teku, a tsohon filin folo na Turawa inda ya yi shelar 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957.

Ginin marmara ne, an gyara shi tas. Amma abin da ya tsayar da ni wani gunkin tagulla ne a gefe, yana tsaye ba kai, hannu ɗaya a gutsure. Kan yana ajiye daban a kan ɗan dakali kusa da shi, idanu a buɗe. A gaban majalisa gunkin yake kafin masu murnar juyin mulki su kayar da shi. Na daɗe ina kallon wuyan nan, inda tagullar ta yage kamar tsumma.

Ranar 24 ga Fabrairu 1966 Nkrumah ya sauka a Bejin, kan hanyarsa ta zuwa Hanoi neman sulhu a yaƙin Biyetnam. A can aka gaya masa Kanar Kotoka da Manjo Afrifa da shugaban 'yan sanda Harlley sun karɓe ƙasa. Takardun gwamnatin Amurka da aka fito da su daga baya sun nuna tun 1965 jami'anta sun san da shirin, masu ƙulla shi suna kai musu labari. Laifinsa a wurinsu bai wuce jingina da ya yi da Mosko da Bejin ba, ga kuma littafin da ya wallafa a shekarar yana tonon asirin sabon mulkin mallaka. Sojoji na hawa suka sallami ɗaruruwan ƙwararrun Rasha da na Sin. Manyan ƙawayen nan biyu ba wanda ya kawo wa Nkrumah ɗauki. Shugaba Nasser na Masar ya aiko da jirgi ya kwashe matar Nkrumah, Fatiya, da 'ya'yansu zuwa Alkahira. Sekou Toure na Gini, ƙasar da ita kanta talauci ya yi mata katutu, shi ya karɓe shi a Konakiri, har ya ce su biyu ne shugabannin Gini. Bai sake taka Gana ba har ya rasu a Bukares ranar 27 ga Afrilu 1972.

Raina a ɓace na komo. Bayan sallar isha'i muna zaune a ƙofar gida ana zagaya shayi, na shiga zazzaga wa Amurka kwandon zagi. Kakan amarya yana kishingiɗe a tabarma, tsoho tukuf, asalinsa mutumin ƙasar Damagaram ne, tun yana saurayi ya zo ci-rani ya zauna. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ka san Sawaba?"

Na ce, "Baba, sunan dai na sani."

Ya tashi zaune. Ya ce a ƙuri'ar raba gardama ta 1958 Djibo Bakary, shugaban gwamnatin Nijar a lokacin, ya ce wa Faransa a'a, kamar yadda Sekou Toure ya ce. Faransa ta turo sabon gwamna, aka murɗe shi daga mulki, aka share wa Diori Hamani hanyar zama shugaban ƙasa, aka haramta jam'iyyar Djibo, wato Sawaba. Ina Djibo ya sami mafaka daga baya? Nan Akra, a inuwar Nkrumah. A 1964 samarin Sawaba da aka horar a Sin da Aljeriya da nan Gana suka kutsa Nijar da bindigogi. Aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a. A watan Afrilun 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin idi ranar babbar salla, Allah ya yi da sauran kwanansa. Shi ya sa da aka kira taron shugabannin Afirka a Akra a Oktoban shekarar, Nijar da Kodebuwa da wasu maƙwabta suka ƙi zuwa.

"Yaran da muke kwana ɗaki ɗaya da su sun tafi," in ji shi. "Biyu ba su komo ba. Uwar ɗayansu har ta mutu tana aiko mini da tambaya."

Jikina ya yi sanyi. Ban sauya ra'ayi a kan abin da aka yi wa Nkrumah ba, zalunci ne, kuma da hannun baƙi a ciki. Sai dai mutumin da na je yi wa kuka shi ma ya ba da ƙasarsa a shirya kifar da gwamnatin maƙwabci, shi ma ya mayar da Gana jam'iyya ɗaya a 1964, kuma a kurkukunsa na Nsawam jagoran 'yan adawa J. B. Danquah ya mutu a 1965. A wurin kabarin babu abin da ya tuna mini da 'ya'yan talakawan da aka tura suka mutu a dajin Nijar, kuma ni ma ban je da su a raina ba.

Na ce, "To Baba, Diorin da Faransa ta tsaya wa fa?"

Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. Ya ce a 1974 Diori ya matsa a ƙara kuɗin yuraniyom, ga fari ya cinye dabbobi. Daren 15 ga Afrilu hafsan soja Seyni Kountché ya kifar da shi, aka kashe matarsa Aisa a fada. Sojojin Faransa suna nan cikin Yamai, ba wanda ya fito daga bariki.

Da asuba na je yi masa sallama. Ya kama hannuna da nasa biyu, ya zaro wata tsohuwar takarda daga aljihun gaba, an rubuta sunan wani ƙauye da ajami. Ya ce in Allah ya kai ni wajen Matamaye wata rana, in tambaya ko akwai sauran dangin abokin nasa, in gaya musu har yau yana sa shi a addu'a. Takardar tana cikin fasfona.