Jan rubutun da ba shi ne ɓarawon ba

Tunda a ƙarshen makon nan zan miƙa makullin ɗakin gyara, bai kamata in tafi ban yi maganar laftof ɗin nan 14 ba. Duk wanda yake sashenmu a lokacin ya san su: masu ƙwaya (core) huɗu a furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, muka ɗora musu Linux, sai ga su suna sandarewa ba sallama. Linzami ya tsaya cik, allon rubutu ya ƙi amsawa, ko fitilar Caps Lock ba ta motsi. Sai dai a danne maɓallin wuta har kwamfuta ta mutu.

Da na buɗe dmesg, inda ake ganin saƙonnin kanel (zuciyar Linux da ke sarrafa na'ura), abin da ya fara cika mini ido jan rubutu ne a jere: ACPI BIOS Error, AE_NOT_FOUND, da wani layi mai cewa Firmware Bug. Oga yana tsaye a bayana, ya nuna da yatsa ya ce, "Ga ɓarawon nan a fili, me kake jira? Kafin a tashi aiki ina so ya ɓace." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu in gwada." Ya ce ko ɗaya ba zai bayar ba. Ni kuma na yi abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba, na saka acpi=off, umarnin kashe ACPI, a layin tashin kanel, a dukansu, da yamma ɗaya.

Jan rubutun ya ɓace, sandarewa ta yi sauƙi, aka yaba mini.

Na san abin da nake yankewa, nan ne abin yake ci mini rai har gobe. ACPI ita ce hanyar da manhajar cikin allon kwamfuta, wato BIOS, take yi wa kanel bayanin jikin na'urar. Tun 1996 Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da tsarin. Ta nan kanel ke sanin ƙwaya nawa furosesa ke da su, nawa ya rage a batir, da lokacin da aka rufe murfi. Da na toshe ta, ƙwaya ɗaya kawai ta rage tana aiki cikin huɗun, alamar batir ta ɓace, rufe murfi kuma ya daina sa kwamfuta barci. Bayan kwana uku wata abokiyar aikinmu ta rufe tata, ta jefa a jaka da aikin yini guda da ba ta ajiye ba. Ta zo mini da ita washegari batir ya ƙare ƙaf, ta ce jakar har zafi ta ɗauka a hanya. Ba ta yi mini faɗa ba, tambaya kawai ta yi: "Malam, akwai yadda za a dawo da shi?" Babu.

A taron mako oga ya ce yaron gyara ya yi gaggawa bai tuntuɓi kowa ba. Na yi shiru. Hannuna ne ya rubuta umarnin, wannan na ɗauka. Amma waɗanda suke ɗakin ranar sun ji wanda ya hana ni kwana biyun.

Sai na koma na yi abin da ya kamata tun farko. Na cire acpi=off, na ɗauko wata laftof irinsu da ba ta taɓa sandarewa ba, na duba nata bayanan. Jan rubutun nan duk yana ciki, layi da layi. Masu ƙera laftof galibi da Windows suke gwada teburan ACPI ɗinsu, shi ya sa Linux kan yi ƙorafi idan ya nemi wani suna a tebur bai samu ba, kuma yawancin ƙorafin ba ya hana komai aiki. A daƙiƙun farko na tashi yake fitowa, alhali sandarewar sai bayan awanni.

Na sayi ƙaramin littafi, duk wadda ta sandare in rubuta lokacin da abin da mai ita yake yi. journalctl -b -1, umarnin da ke nuna bayanan da kwamfuta ta rubuta kafin a sake kunna ta, bai taimaka sosai ba, domin layukan ƙarshe ba sa kaiwa ga faifai kafin komai ya tsaya. Ko saƙon soft lockup, wanda kanel kan fitar idan ƙwaya ta maƙale fiye da daƙiƙa 20, ban gani ba. Littafin ne ya tona asiri: babu wadda ta sandare tana cikin aiki mai nauyi. Kullum sai mai ita ya tashi, ko yana karanta takarda bai taɓa komai ba. Ashe idan ƙwayoyin ba su da aiki sukan shiga barci mai zurfi don tattalin batir, a nan ne ba sa farkowa. Na saka processor.max_cstate=1, umarnin da ke hana su wannan barci mai zurfi, a laftof guda biyu kacal, na bar sauran. Mako guda biyun ba su ko tari ba, sai dai batirinsu na saurin ƙarewa. Da sabon BIOS ya fito na sabunta, na cire umarnin, magana ta ƙare.

Sauran darussan ba su da tsawo. A gwada shiga ta ssh daga wata kwamfuta, wato ta hanyar sadarwa, kafin a ce kanel ya mutu, sau da yawa fuskar ce kawai ta daskare. A bar memtest86+, mai gwada lafiyar RAM, ya kwana yana aiki kafin a zargi kowa. A canza abu ɗaya, a na'ura ɗaya. Idan na sama ya ce a yi yanzu-yanzu, a roƙe shi cikin ladabi ya aiko a rubuce.

Littafin yana aljihun tebur na biyu, shafi na farko akwai jerin lambobin kwamfutocin da ranar da kowace ta samu sabon BIOS. Guda biyu na sashen kuɗi ba su samu ba, masu su suna hutu a lokacin. Wanda zai gaje ni ya fara da su.